Abin da Muka Binne a Ɗakin Sitti

A Fort Lami na fara gane cewa ni da Yaya Idi hanya ɗaya muka ɗauko, amma kayan zuciyarmu ba iri ɗaya ba ne. Shi abu guda ne a ransa, ya tsaya a Arfa kafin ya mutu. Saboda haka ya sayar da rumfarsa ta gyaran lagireto a Fagge. Ni kuwa Inna ce ta haɗa ni da shi, don na yi firamare, ina iya karanta takarda in cike fom. Na ɗinke fasfunanmu biyu a lalitar da ke ƙuguna, kuma ba na yin tafiyar sa'a guda ban taɓa wurin ba. In na yi alwala sai na sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Yaya yakan ce, "Lawwali, kai ko Aljanna aka sa ka, sai ka nemi izini ka dawo ka duba ko ka rufe ƙofar gida."

Tsakanin Jinaina da Fashir motar da muka hau ta yi zafi, lagireto ya huje a inda babu gari babu rijiya. Direba ya zauna a inuwar taya yana zagin mota. Yaya ya sauko, ya hura wuta da kashin raƙumi, ya gasa wata ƙatuwar ƙusa har ta yi ja, ya narka guntun dalma da yake yawo da shi a aljihu, ya liƙe hujin. Motar nan ba ta sake ɗiga ba har Ubayyid. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san hannun da aka yi wa ƙazafi daga baya.

A Bur Sudan wani dillalin jirgi ya karɓe mu da shayi da fara'a, ya ce mu ba shi fasfo ya samo mana wuri. Na ƙi. Yaya ya ce in daina zargin Musulmi. Na bayar. Kullum muka je sai ya ce gobe. Muna zaune a bakin teku muka ga jirage suna cika suna tashi, har na ƙarshe ya tashi. Ashe wurarenmu ya ba wasu. Da ya ga dama ya dawo mana da fasfo, muka samu wani jirgin kaya. Ranar da muka sauka Jidda, alhazai na dawowa daga Mina da askinsu. Yaya ya tsaya a bakin titi yana kallon su. Can ya ce, "To, sai mu jira na baɗi. Shekara ai ba ta da nisa ga wanda ya riga ya iso."

A Karantina muka sauka, unguwar baƙaƙen fata a kudancin gari, gidajen langa-langa da katakon akwati. Hajiya Kaltume ce ta ba mu ɗaki. Bahausar Sudan ce, tana sayar da abinci da safe, da rana ta shiga gidajen Larabawa wanki. Ranar farko da na ɗanɗani miyar kuka a kwanonta sai hawaye ya zubo mini. Ta ce, "Yaji ne ya yi yawa, ɗana?" Na ce e. Ta ce, "Haka yake yi wa kowa a watan farko."

A rumfarta muka haɗu da Mu'allim Siraju. Haihuwar Jidda ne, kakansa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina. Hausarsa rabi Larabci ce. Farar jallabiya, agogo, ƙamshin turare. Shi ne shugaban ma'aikata a wurin wani attajiri mai gina gidaje. Da ya ji Yaya ya iya liƙi, ya kai mu wurin mutumin, ya tsaya har aka yi mana iƙama, wato takardar zama, attajirin ya zama kafilinmu, mai tsaya mana a wurin hukuma. Ba zan ɓoye wannan alheri ba, don kada a rubuta mini ƙarya. Amma tun lokacin na lura da abu guda. In mu kaɗai ne sai ya ce mana 'yan'uwa. In akwai Balarabe a wurin sai ya ce, "Ya Takruni, ta'al," wato kai baƙin bare, zo nan. Kuma duk maganar da za ta shiga tsakaninmu da Maigida ta bakinsa take bi, don Larabcinmu bai wuce na sayen burodi ba.

A watan Rajab, ana zafin da kwalta ke kama takalmi, aka ce za mu yi aiki a sabon gidan Maigida na kansa. Siraju ya ce za mu sa wa ɗaki abin ɗumama ƙasa. Yaya ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"A Jidda? Mu'allim, ko dai gasa mutanen gidan za a yi?"

Ashe ɗakin mahaifiyar Maigida ne, wadda kowa ke kira Sitti. Tsohuwa ce mai ciwon ƙashi, kuma duk rayuwarta a ƙasa take zama, a ƙasa take kwana, ta ƙi gado ta ƙi kujera. Gidan kuwa duka rukam aka shimfiɗa, wani farin dutse mai santsi da sanyi. Likita ya hana a sa mata darduma mai gashi saboda tarin da take yi. In hunturunsu ya zo, ko da ba ya kai namu, dutsen nan yana cizon gwiwarta a wurin sallah. Ɗanta ya taka ƙasa mai ɗumi a wani masauki a dutsen Labanan, ya rantse sai uwarsa ta samu irinta. Ya ɗauko Injiniya daga can, wani dattijo mai furfura da ba ya son surutu.

Ga yadda aikin yake. Ana shimfiɗa wani abu kamar soso mai tauri a ƙasa don kada zafi ya gudu ciki. A kansa a kwantar da bututun jan ƙarfe, siriri kamar yatsa, a lanƙwasa shi ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, kamar kunyar gona, taƙi ɗaya tsakani. Bututun a naɗe yake zuwa, dogo, saboda haka tsakiyar ɗaki babu liƙi ko ɗaya. Liƙi yana bakin ƙofa ne kawai, inda bututun ke haɗuwa da wanda ya fito daga tukunyar dafa ruwa. Wannan shi ne aikin Yaya. Ni nawa riƙewa ne da ɗaure bututu da waya. In an gama, sai a zuba siminti a binne, a ɗora rukam. Daga ranar babu idon da zai sake ganin abin da ke ciki.

Shi ya sa Injiniya yake da doka biyu. Ta farko, ba a tura baro a kan bututu sai an shimfiɗa katako. Ta biyu, ba a zuba siminti sai an cika bututu da ruwa, an matsa shi da famfon hannu, an ɗaura wani agogo mai allura, an bar shi yini da kwana. In allura ta tsaya inda aka bar ta, a zuba. In ta sauka ko kaɗan, akwai yoyo. Ya nuna mana da hannu sau uku, ya sa Siraju ya fassara. Ni wannan doka ta kwanta mini a rai, don irin halina ce. Sai aka kira Injiniya gida bikin 'yarsa, ya tafi ya bar gwajin a hannun Siraju.

Ruwa kuwa a Jidda ta lokacin ba abin wasa ba ne. Motar ruwa ce, wadda suke kira wayit, take kawowa sabuwar unguwar. Kwana uku ba ta zo ba. Abin da ya rage a tanki na kwaɓa siminti ne kawai. Yamalawa masu shimfiɗa rukam suna jira, Maigida yana aiko direba yana tambaya. Ranar Alhamis da hantsi Siraju ya aiki Yaya kasuwa sayo iskar gas, ya juyo ya ce mana, "Yalla, a zuba."

Na ce, "Mu'allim, allurar fa?"

"Allura tana wurin tela. Yalla!"

Na ce to katako fa. Ya ce kafinta ya kwashe. Leburori suka tsaya suna kallon juna, babu mai son ya fara. Sai ya tattare jallabiya ya soke a ƙugu, ya kama baro cike da siminti da kansa, wai ya nuna mana yadda maza ke aiki. Ya kai tsakiyar ɗaki, taya ta zame ta hau bututu. Na ji ƙarar a haƙorina. Na durƙusa na duba. Bututun ya baje kamar an take kara, ga tsaga siririya a gefe.

Ya kori leburorin su je su ƙaro yashi. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar keke da ke cikin shara, ya jefo mini da waya.

"Ɗaure."

"Mu'allim, a jira Yaya ya yanke ya liƙa. Aikin rabin sa'a ne."

"In ya liƙa sai ya ce a gwada, in an ce a gwada sai Asabar. Isma, saurara, ya Lawwali. Wa ya yi maka iƙama? Wanda ya ɗinka riga ya san inda zai ja zare ta warware. Ɗaure, halas."

Na ɗaure. Da hannuna na naɗa robar nan sau bakwai, na murɗe waya. Kafin a binne wurin na auna da tafin ƙafata ba tare da ya gani ba, goma sha ɗaya daga dokin ƙofa, huɗu daga bangon taga. Ban san me zan yi da awon ba. Hali ne kawai. Da Yaya ya dawo an kusa gamawa. Siraju ya ce masa an gwada tun jiya da yamma bayan tashinsa, allura ta tsaya cak. Abin da ya gaya wa Injiniya ke nan shi ma da ya dawo.

Wata huɗu na yi da abin nan a cikina. Azumi ya zo ya wuce, na rame har Hajiya Kaltume ta fara dafa mini sabara. Ban gaya wa Yaya ba, don na san shi. Zai je ya tsaya gaban Siraju ya faɗa masa gaskiya, a kore mu duka biyu kafin hajji. Na ce wa kaina wataƙila robar ta riƙe. Kowace sallah ina roƙon Allah ya sa roba ta riƙe. Shi kuwa Yaya ya riga ya sayi haraminsa, farare biyu, yana fito da su yana shanyawa yana ninkewa.

Hajjin shekarar cikin sanyi ya faɗo. A ƙarshen Zulƙida aka cika bututu, aka kunna tukunya. Ranar farko Sitti ta aiko mana da dabino da shayi, ta ce a gaya wa masu aikin ƙasa ta yi mata ɗumi kamar cinyar uwa. Rana ta biyu aka kira ni in saki iskar da ta taru a bututu. Na tarar mai aiki ta gama goge ɗaki da tsumma mai ruwa. Sai na ga wani abu. Ƙasar ba ta bushe gaba ɗaya ba. Layi-layi ta fara bushewa, daidai kan bututu, har mutum ya iya ganin kunyoyin nan da muka binne. Daga ƙofa layukan suka taho sarai, suka zo tsakiyar ɗaki suka tsaya. Rabin ɗakin na can ciki ya daɗe a jiƙe. Na san wurin da suka tsaya. Na gama sakin iskar na fita.

Rana ta uku ruwa ya ɓullo ta tsakanin rukam a bakin ƙofa, don nan ne gangare. Sitti ta taso za ta yi alwala, ta taka, santsi ya kwashe ta. Hannunta na dama ya karye.

Aka tara mu a tsakar gida. Maigida idonsa ja. Siraju yana ta zuba Larabci yana nuna bakin ƙofa, yana nuna Yaya. Sannan ya juyo ya ce da Hausa, "Maigida na tambaya, kai ka yi liƙin bakin ƙofa?"

Yaya ya ce, "Ni na yi." Har ya ƙara da ɗan Larabcinsa, yana dafa ƙirji, "Aiwa, ana."

Shi ke nan. Ina tsaye a wurin, bakina ya ƙi buɗuwa. Kafin la'asar Maigida ya janye kafalarsa, askarawa suka zo suka tafi da Yaya gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Saura kwana goma sha biyu a hau Arfa.

Na je na gan shi ta tsakanin ƙarafa. Ya ce an gaya musu jirgin da ya kawo alhazai zai koma Bur Sudan ranar Talata, da su zai koma. Bai yi kuka ba. Hannayensa kawai yake juyawa yana kallo.

"Lawwali, shekara ashirin ina liƙi. Ko na mota bai taɓa dawo mini ba. Me ya same ni a ɗakin tsohuwar nan?"

Na kasa gaya masa. Ya ce in kai wa wani haramin nasa, kada su lalace a banza.

Daga can na wuce wurin Siraju. Na same shi yana shan shayi a inuwar mota. Na ce masa, "Mu'allim, ka san abin da ke ƙarƙashin ɗakin nan."

Ya ce, "Na san abin da ka ɗaure." Ya yi murmushi. Ya ce Maigida ya yarda ranar Litinin a yanke bututun daga bango a toshe, a bar na ciki a binne har abada, don ba wanda zai fasa rukam mai tsada saboda Takruni. Sannan ya miƙo mini abin hura wutar Yaya, wanda hannunsa ya cinye mariƙinsa. "Karɓi. Daga yau kai ne mai liƙi. Mabruk."

Ban taɓa sanin ina da irin wannan zuciya ba sai ranar. Ni da nake kauce wa tururuwa a hanya, na yini ina kallon babbar sufana ina auna ta da ƙeyarsa. Na yi tunanin zuba yashi a tankin motarsa. Na yi tunanin in jira ya hau bene in janye tsani. Amma duk wanda na auna sai in ga bai isa ba. Ciwo yana warkewa. Ni so nake a tsayar da shi a tsakar gidan nan, a gaban mutanen da in suna wurin yake ce mini Takruni, a tuɓe masa farar rigar nan da yake taƙama da ita. Hanya ɗaya ce kuma ke kai wa can, ita ce a fasa ƙasar. In aka fasa, robata za a gani.

Na gaya wa Hajiya Kaltume komai. Tana tuƙa tuwo, ba ta tsaya ba har na gama. Sannan ta ɗaga muciya ta nuna ni da ita.

"Wata huɗu ina ɗura maka magani, ashe ciwon naka rashin baki ne. Kai da shi duk Allah ya isar wa Idi."

"Na ji, Hajiya. Yanzu so nake ya faɗi, ko da zan faɗi tare da shi."

"Za ka faɗi kuwa. Shi ɗan ƙasa ne, yana da takarda, ba inda za a kai shi. Kai ne za ka sha teku. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Ta ce ta taɓa yin wanki a tsohon gidan su Maigida, Sitti ta san ta. Washegari ta yafa mayafi ta shiga ta ƙofar mata.

Ranar Lahadi da safe aka aiko a kira ni. Na tarar da Maigida, da Injiniya, da Siraju. Sitti tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakin, hannu a ɗaure, Hajiya Kaltume na gefenta. Siraju ya matso zai fassara. Tsohuwar ta ɗaga hannun hagu ta ce wani abu gajere. Hajiya ta ce, "Ta ce yau bakina za a ara."

Na roƙi a ƙara ruwa a kunna tukunya. Aka kunna. Muka jira kusan sa'a biyu. Nan wasiwasina ya taso mini gaba ɗaya. In yoyon ya yi yawa har zafi bai shiga ba fa? In layukan ba su fito ba? Awon da na yi da ƙafa, da takalmi na yi ko babu takalmi? Na kasa tunawa. Na ɗauki tsumma na jiƙa ɗakin tun daga ƙofa har bango, na koma gefe na tsuguna.

A hankali suka fito. Layi na farko, na biyu, na uku, farare a kan jiƙaƙƙen dutse. Injiniya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya durƙusa yana bin su da tafin hannu. Ya wuce bakin ƙofa inda liƙin Yaya yake, ya ci gaba, har ya zo tsakiyar ɗaki inda suka ɓace. Ya ɗago ya yi wa Maigida magana. Hajiya ta ce mini, "Ya ce zafi ya wuce liƙi lafiya. Ya ce a nan ya tsaya, kuma nan babu liƙi."

Siraju ya fara magana da sauri, yana rantsuwa, yana cewa iska ce ta toshe. Na tuɓe takalmi na auna, goma sha ɗaya daga dokin ƙofa, huɗu daga bangon taga. Ƙafata ta sauka taƙi ɗaya daga inda layi ya mutu. Na ce a fasa nan. Maigida ya dubi rukam ɗinsa, ya dubi uwarsa. Ta ce, "Iksir." Wannan ko ni na gane, fasa take nufi.

Na ɗauki guduma da kurfi. Sai wata dabara ta zo mini, na ce wa Hajiya ta gaya musu hannuna yana rawa, kada in huda wani wurin, Mu'allim ya fi ni gwaninta. Injiniya ya karɓi gudumar ya miƙa wa Siraju. Haka ya durƙusa da farar jallabiyarsa a cikin ruwa, yana fasa kabarin da ya gina da hannunsa. Ina tsaye a kansa. Ina ganin gumi yana bin bayan kunnensa. Kowane bugu ɗaya sai in ji wani ƙulli ya kwance a ƙirjina. Allah ya gafarta mini, ban taɓa jin daɗin wani sauti kamar na gudumar nan ba.

Siminti ya buɗe, ruwan ɗumi ya taso. Ga bututu a baje da sawun taya a jikinsa, ga baƙar roba ta saki, ga waya. Injiniya ya ɗago robar da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

Siraju ya nuna ni. "Huwa! Shi ya ɗaure!"

Na ce wa Hajiya, "Gaya musu gaskiya ne, ni na ɗaure. Gaya musu wanda ya tura baro, da wanda ya ba ni roba, da wanda ya ce allura tana wurin tela. Leburori uku suna nan a waje, a tambaye su. Kuma ki gaya musu Yaya yana kasuwa lokacin."

Ta faɗa, ba ta rage ba, ina jin ma ta ƙara. Injiniya ya tambayi Siraju abu ɗaya, allurar da ya ce ta tsaya cak, a kan lamba nawa ta tsaya. Siraju ya shiga kame-kame. Maigida bai daka masa tsawa ba. Hannu kawai ya miƙa. Siraju ya ciro makullan mota da na sito ya ɗora masa. Aka sa shi ya fita ta ƙofar leburori, gwiwoyin rigarsa baƙi ƙirin da laka, Yamalawa suna kallo daga kan bene.

Sannan Maigida ya juyo kaina. Sitti ta yi magana mai tsawo, na ji tana ambaton Allah. Ya saurare ta har ta gama, ya sumbaci kanta, ya ba da amsa. Hajiya ba ta so ta fassara ba, sai da na matsa. Ya ce mai liƙi zai fito yau, kuma shi da kansa zai kai shi Makka. Amma hannun da ya ɗaure roba ya yi shiru wata huɗu har uwarsa ta karye, ba zai ci gaba da zama da sunansa a takarda ba.

A ƙofar gidan tarhil muka yi kiciɓis da Yaya, shi yana fita ni ina shiga. An riga an gaya masa. Ya kama kafaɗuna ya girgiza ni har haƙorana suka haɗu.

"Sakarai! Wata huɗu! Da ka gaya mini ai da dutse zan fasa ɗakin nan." Sai ya rungume ni. Ya ce, "Me zan roƙa maka a can?"

Na ce, "Ka roƙa mini a kan Siraju."

Ya ce, "Ba zan yi tafiyar shekara biyu in kai sunan wannan Arfa ba. Nemi wani abu."

Askari ya ja ni ciki kafin in nemo.

Ranar Arfa ina Bur Sudan, a bakin tekun nan da muka taɓa zama muna kallon jirage. Na ɗauki azumi. Na san a daidai lokacin Yaya yana tsaye cikin fararen nan nasa, kuma wannan ya sanyaya mini rai, ba zan musa ba. Amma na san kuma Siraju yana gidan uwarsa a Jidda yana shan shayi, gobe ko jibi wani mai gini zai ɗauke shi. Makullai kawai ya rasa.

Da la'asar ta yi na fuskanci gabas, na ɗaga hannu. Tun a jirgi na tsara abin da zan faɗa a kansa, mai zafi, har da zuriyarsa. Sai tsoro ya kama ni. Addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki, haka malamai suka ce, to ni wanda aka zalunta ne ko abokin zalunci? In na harba ta dawo kaina fa? Na sauke hannu na sake alwala. Na zauna na auna kalmomin ɗaya bayan ɗaya, na cire zuriyarsa, na cire duk abin da ban tabbata ba. Sannan na ce, "Ya Allah, mu biyu muka binne abin nan. Ka raba mana daidai. Nawa kason na karɓa, ga ni a wannan gaɓar. Saura nasa."

Ban sake ganin Jidda ba, ban kuma hau Arfa ba har yau da furfura ta cika mini kai. Duk alhajin da ya dawo ta Karantina ina zuwa yi masa barka, in ci dabino, in sha zamzam, sannan in tambaya ko ya ji labarin wani Mu'allim Siraju. Har yanzu ba wanda ya kawo mini labarin da nake jira.